Ba Girin-girin Ba, Ta Yi Mai: Kafin Salansa Mai Aman Wuta, A Fara Duba Lagireto

Duk wanda ke zama majalisar samari a Dalijan bayan sallar isha'i ya san yadda abin yake. Waya ɗaya ce za ta riƙa zagayawa hannu-hannu, kowa ya kalla ya miƙa wa na kusa da shi. Bidiyon TikTok ne na wata 'yar gajeriyar mota, ta duƙa kamar za ta lashi kwalta, tana wani irin kuka da kunne bai saba ji ba, salansarta tana tofar da wuta. Mazda RX-7 ke nan, wadda da yawanmu suka fara gani a finafinan Fast and Furious, ko kuma ƙanwarta RX-8 mai ƙofofin baya da ke buɗewa a juye. Nan take gardama za ta kaure. Wannan ya ce in ya samu kuɗi ita zai fara saya, wancan ya ce sai ya canza mata ƙafa, ya sa mata fiffike a baya, ya ƙara mata salansar da za a ji tun daga Gwandu. Har a tashi daga hirar, da wuya ka ji wanda ya ambaci lagireto.

To mu a wannan fili ra'ayinmu shi ne, gyaran da ya fi cancantar kuɗin matashi shi ne wanda ba ya fitowa a hoto. A ƙasar da zafin Maris zuwa Mayu ke haura digiri 40, duk wanda ya fara da ado kafin ya gyara hanyar ruwa da ta baƙin mai, kuɗinsa ya ɗauka ya cusa a murhu. Mun zaɓi injin rotari ne mu yi misali da shi saboda shi ba ya yafe kuskure. Laifin da Golf ko Corolla za ta haƙura da shi na shekara guda, shi rana ɗaya ta ishe shi ya kwanta. Wanda ya fahimci abin da ke kashe rotari, ya fahimci abin da ke cin injin motar gidansu a hankali.

Yadda injin yake

Injin da muka saba da shi fistin ne ke hawa da sauka a cikinsa. Rotari ba shi da fistin, ba shi da bawul. A cikinsa akwai wani dunƙulen ƙarfe mai kusurwa uku, kamar samosa mai kumburarrun gefe, ana kiran sa rota. Yana juyawa ne a cikin wani gida mai siffar kwanson gyaɗa mai 'ya'ya biyu. Kowace fuska ta rotan tana zuƙar iska da fetur, ta matse su, fulogi ya ba su wuta, ta tura hayaƙi waje, duk a zagaye ɗaya. RX-7 da RX-8 rota biyu gare su, kowane da fulogi biyu. A takarda injin lita 1.3 ne kacal, amma na RX-8 yana ba da ƙarfin doki sama da 200 a samfurinsa mai ƙarfi, yana kuma juyawa har sau 9,000 a minti ɗaya. Daga nan wannan kukan da ke tafiya da hankalin samari yake fitowa.

A kan kowace kusurwa ta rota akwai wani siririn ƙarfe, kaurinsa milimita 2, wanda ke gogar bangon gidan don kada matsi ya zurare. Shi ne a madadin ringi. Mu kira shi sil ɗin kusurwa. Rayuwar injin gaba ɗaya a kan waɗannan 'yan ƙarafa shida take.

Wani Bajamushe mai suna Felix Wankel ne ya ƙirƙiro injin, aka fara tayar da shi a kamfanin NSU na Jamus a 1957. A 1967 NSU ya fito da mota mai suna Ro 80, kyakkyawa ta gani ta faɗa, har ta ci kyautar motar shekara ta Turai ta 1968. Sai dai sil ɗin kusurwarta ba ya jimawa. Injina suka riƙa mutuwa tun motocin suna sababbi, kamfani yana canza wa mutane kyauta, har aljihunsa ya ƙone. A 1969 Volkswagen ya saye shi ya haɗe shi da Auto Union, abin da ya zama Audi na yau. Kyau da gudu ba su ceci NSU ba.

Mazda na Japan ya sayi izinin ƙera injin a 1961, shi ma ya ci karo da wannan matsala, don sil ɗin yana karce bangon gidan rota. Kamfanin ya ware injiniyoyi 47 a ƙarƙashin Kenichi Yamamoto, suka shafe shekaru suna gwada ƙarfe iri-iri, sai a 1967 suka yarda suka fitar da Cosmo Sport. RX-7 ta zo a 1978 ta tsaya a 2002, RX-8 ta karɓa daga 2003 zuwa 2012. Ka riƙe wannan lissafin: duk RX-8 da za ka gani ana talla a intanet yau, ko da ta ƙarshen fita ce, ta haura shekara goma. Robobinta sun tsufa, ko da fentinta na sheƙi.

Me ya sa zafi ke kashe shi

Dalili biyu ne. Na farko, a injin fistin wurin da wuta ta ci, nan ne sabuwar iska mai sanyi za ta shigo bayan ɗan lokaci, sai ya ɗan huce. A rotari kuwa gefe ɗaya na gidan ne kullum yake shan wuta, ɗaya gefen kullum yana shan iska. Gefen fulogi ba ya samun hutu ko na daƙiƙa.

Na biyu, injin a jere yake hawa biyar kamar an yi ɗauri: farantin baƙin ƙarfe, gidan rota na alminiyam, wani farantin, wani gidan, sannan farantin ƙarshe, dogayen kusoshi sun ɗaure su. A tsakaninsu akwai siraran zoben roba da ke raba ruwa da wuta. Alminiyam ya fi baƙin ƙarfe saurin buɗewa in ya ji zafi. Da zarar zafi ya wuce ƙima, sai gidan ya lanƙwashe ko robar ta ƙone, ruwa ya fara shiga inda wuta ke ci. A Golf ɗinka in haka ta faru, makanike zai cire kan inji ya canza gasket, jibi ka ɗauki motarka. A rotari babu kan da za a cire. Sai an sauke injin an wargaza shi ɗaya bayan ɗaya. Ka tambayi kanka mutum nawa ka sani tsakanin Birnin Kebbi da Sakkwato da suka taɓa yin wannan aikin.

Gyaran da ya dace, bi da bi

Abu na farko shi ne ka san gaskiyar zafin motarka. Allurar zafi ta dashbod a RX-7 ta ƙarshe da RX-8, da ma motoci da yawa, an yi ta ne ta zauna a tsakiya ba ta motsi, ko zafin ya ɗan hau ko ya ɗan sauka. Kafin ta ɗaga, sau da yawa aikin gama ya gama. Akwai wata 'yar na'ura da ake soka wa a ƙarƙashin sitiyari, a ramin da ake kira OBD, ta haɗu da wayarka ta Bluetooth, ta nuna maka zafin ruwa da lamba. Tana aiki a RX-8 da yawancin motocin da aka ƙera daga farkon shekarun 2000. Kuɗinta bai kai na fitilar ado ba. Wayar da kake kallon motocin wasu da ita, ga aikin da za ta yi wa taka. Masu rotari sun saba ɗaukar wajen digiri 105 a matsayin iyaka. In lamba ta doshi nan, ka kashe AC, ka kunna hita ta ja zafi daga inji, ka nemi gefen hanya.

Na biyu, lagireto. Na kamfani yana da tankin roba sama da ƙasa, kuma robar da ta shekara goma tana dahuwa ba ta sanarwa kafin ta tsage. Masu irin wannan mota a ko'ina sukan canza shi da na alminiyam zalla mai ɗan kauri. A RX-7 ta ƙarshe akwai wani ƙaramin tankin roba da ke raba iska da ruwa, ya yi ƙaurin suna wajen fashewa, shi ma na alminiyam ake sa wa. Duk tiyon ruwa da ya kumbura ko ya yi tauri, a canza shi. Murfin lagireto ma kada a raina shi. Ruwa a buɗe yana tafasa ne a digiri 100, amma murfi mai lafiya yana riƙe matsi, sai ruwan ya kai wajen 120 bai tafasa ba. Murfin da robarsa ta mutu ya ƙwace maka wannan rarar.

Sai dai babban lagireto ba ya amfani in iska ba ta ratsa shi. A ƙarƙashin gaban mota akwai faifan roba, a gefen lagireto kuma akwai soso. Aikinsu su hana iska zillewa, su tilasta mata bi ta cikin lagireton. A garejinmu wannan faifan shi ne farkon abin da ake cirewa a jefar, wai yana hana aiki, ko kuma rami ya fizge shi a hanya a bar shi a can. A mayar da shi. Sannan a tuna da inda muke: ƙurar hunturu, ƙaiƙayin gero da na shinkafa lokacin girbi, fara da ƙwarin dare, duk suna toshe ramukan lagireto da na AC da ke gabansa. A riƙa wanke su daga baya zuwa gaba da ruwa mara ƙarfi, don famfon wankin mota yana kwantar da 'yan fikafikan.

Na uku, ruwan da kansa. Mun saba in mota ta nemi ruwa, a miƙo buta ko a fasa fiya wata. Ruwan rijiya da na burtsatse suna ɗauke da gishirin ƙasa. Leƙa cikin butar mai shayi ka ga farin dasashin da ya kama ta, irinsa ne ke taruwa a cikin injinka, ga tsatsa a kai. Ruwan lagireto mai launi, wanda ake kira kulan, yana hana tsatsa, yana kuma ɗaga matakin tafasa. Tunda dusar ƙanƙara ba ta sauka a Kebbi, ba dole sai an yi rabi da rabi kamar Turai ba, kashi ɗaya cikin uku ma ya wadatar, amma kada a bar shi babu. Mafi sauƙi a sayi wanda aka riga aka haɗa. Kuma don Allah kada a buɗe murfin lagireto inji na tafasa, kada a sheƙa wa inji mai zafi ruwan sanyi. Na farko fuska yake saɓulewa, na biyu ƙarfe yake lanƙwasawa.

Na huɗu, baƙin mai. A rotari baƙin mai aiki biyu yake yi. Shi ke shiga cikin rota ya kwaso zafi, domin ruwa ba ya isa can. Shi ya sa motar ke da ƙaramin lagireto na baƙin mai a bayan bamba. Wasu RX-8 biyu gare su, wasu ɗaya. In taka mai ɗaya ce, ƙara na biyu ya fi maka kowane fiffike amfani a wannan yankin.

Aikinsa na biyu shi ne wanda ke ruɗa mutane. Injin da gangan yake shan baƙin mai. Akwai ɗan famfo da ke ɗiga shi kaɗan-kaɗan cikin gidan rota don ya shafe sil ɗin kusurwa, ya ƙone tare da fetur. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Wanda ya saba sai ranar juye yake tunawa da baƙin mai, rotari ba motarsa ba ce. Ana duba shi ne duk bayan shan mai ɗaya ko biyu.

Mazda da kansa ya gane cewa man da ke isa sil ɗin a RX-8 ta farko bai wadatar ba. A Amurka ya tsawaita garantin injin zuwa shekara 8 ko mil 100,000, sannan a samfurin 2009 ya ƙara wa kowane rota bakin ɗigar mai na uku a tsakiya. Masu tsohon samfurin da yawa sai suka koma wata dabara da kowane ɗan Dalijan ya sani: zuba mai cikin fetur, kamar yadda ake yi wa ƙaramin janareta. Amma da bambanci. Man da aka yi don injin da ke ƙona mai da fetur tare ake amfani da shi, ba ragowar man juye ba, kuma ɗan kaɗan ne, wajen mililita 4 a kowace lita in famfon motar na aiki. Dabarar masu mota ce, kamfani bai rubuta ta a littafinsa ba, kuma in an cika ta fulogi zai yi baƙi.

Na biyar, wuta. Koyil huɗu na RX-8 ba su da tsawon rai, da yawa ana canza su tun wajen kilomita 50,000, tare da fulogi da wayoyinsu. In wuta ta yi rauni, fetur ba ya ƙonewa duka, sai ya bi salansa ya je ya ƙone a cikin matatar hayaƙi, wadda kanikawa ke kira indomi. Ta narke ta toshe, zafi ya dawo wa inji. Ka ga yadda ɗan koyil ɗaya ke jawo asarar inji guda. Wutar da ke fita daga salansa a bidiyo, wadda ake yi wa tafi, fetur ne da bai yi aiki ba. In indomin ta toshe a canza ta da mai kyau. Fasa ta a zubar yana nufin kai da mutanen unguwarku za ku shaƙi abin da aka yi ta don ta tare.

Maganar tamostat

A nan ne za mu saɓa da kanikawanmu, kuma da girmamawa za mu yi. Al'ada ce da ta zama kamar doka: mota ta sauka daga Kwatano, a cire tamostat, a haɗa fanka kai tsaye ta riƙa juyawa da an murɗa makulli. Hujjar ita ce don ƙasar sanyi aka yi shi. Ba za mu ce ba su da dalili ba. Sun sha ganin tamostat ya maƙale a rufe ya dafa inji, sun kuma sha sayen sabo a kasuwa ya zama jabu. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Amma ga abin da ake mantawa. A injina da yawa, har da rotari na Mazda, tamostat ƙofa biyu yake tsaro. In ya buɗe hanyar lagireto, a lokaci guda yana rufe wata gajeriyar hanya da ruwa ke zagayawa ta cikin inji kawai. Ka cire shi, ka bar wannan gajeriyar hanya a buɗe har abada, sai wani kaso na ruwan ya riƙa kewaye inji bai taɓa ganin lagireto ba. Wato a tsakiyar zafin Afrilu, lokacin da ka fi buƙatar sanyi, a lokacin ne dabarar za ta ci amanarka. Da safiyar hunturu kuma injin ba zai kai zafin aikinsa da wuri ba, kwamfutar mota ta ɗauka har yanzu yana da sanyi, ta ci gaba da ƙara masa fetur. Tun da aka cire tallafi a ranar 29 ga Mayu, 2023, wa ke da fetur ɗin zubarwa? A rotari kuma wannan rarar fetur ɗin ita ke zama baƙin dasashi da ke maƙale sil ɗin kusurwa.

Abin da ya dace shi ne a sa tamostat na asali, a gwada shi a tukunyar ruwan zafi kafin a ɗaura, a ga ya buɗe. Na RX-8 yana fara buɗewa ne wajen digiri 82. Ita kuma fankar RX-8 sai zafi ya kusa 100 take tashi, abin da ya yi wa yanayinmu latti. Gyaran da masu ita ke yi shi ne su sa a sauko da wannan matakin, ta riƙa tashi da wuri, ta kuma tsaya in ta gama aikinta. Fankar da aka haɗa kai tsaye ba ta hutawa, kuma ranar da motarta ta ƙone babu abin da zai gaya maka.

Halin mai mota

Akwai gyaran da ba a sayarwa a shago. Rotari ba ya son a tayar da shi a matsa da shi daga rana zuwa inuwa a kashe. In an kashe shi yana da sanyi, fetur kan cika gidan rota ya ƙi tashi. A bar shi ya ɗauki zafi tukuna. Ba ya son a ba shi wuta da ƙarfi kafin ya yi ɗumi, ba ya kuma son kullum a riƙa jan sa a hankali cikin gari, yana buƙatar a buɗe masa lokaci-lokaci a hanyar da babu jama'a. Ba ya son gurɓataccen fetur. Mun ga abin da ya faru a Fabrairun 2022, lokacin da aka shigo da fetur mai yawan sinadarin methanol ƙasar nan, motoci suka riƙa lalacewa. RX-7 mai turbo kuwa, fetur mara kyau na iya karya mata sil a taki ɗaya. Wanda mafi yawan mansa daga galan ɗin 'yan bumburutu yake fitowa, ya yi wa kansa hisabi. Ga kuma ci: a cikin gari lita ɗaya wajen kilomita 7 take kai RX-8.

In ka ga ana tallar RX-8 da araha, ka tuna araha ba ta ado. Kada ka yarda da tashin safe. A zagaya da ita ta yi zafi sosai, a kashe, a sake tayarwa nan take. In ta yi ta jan kik kafin ta kama, matsinta ya tafi. Gwajin matsi na rotari ma na'urarsa daban ce, lamba uku take ba wa kowane rota. Mai sayarwar da ya ƙi wannan gwajin ya riga ya ba ka amsa.

Abin da ya faru a Le Mans

Wani zai ce duk wannan maganar tsofaffi ce, shi gudu yake so. To ga labarin masu gudu na gaske. A watan Yunin 1991, a tseren awa 24 na Le Mans a Faransa, Mazda ya shiga da 787B mai lamba 55, mai rota huɗu. Ba ita ta fi kowa gudu ba, daga matsayi na 19 ta tashi. Injin zai iya juyawa fiye da haka, amma injiniyoyin suka ƙayyade shi a 8,500 don ya kai ƙarshe. Mercedes ce ta ja gaba kusan duk tsawon tseren. Saura 'yan awoyi a tashi, wani ɗan ƙarfe da ke riƙe da janaretan cajinta ya karye, bel ɗin famfon ruwa ya saki, inji ya yi zafi, ta fita. Mazda ta ci da zagaye 362, a hannun Johnny Herbert da Volker Weidler da Bertrand Gachot. Shi ne karo na farko da kamfanin Japan ya ci wannan tsere, kuma har yau ita kaɗai ce mota mara fistin da ta taɓa ci. Duk motoci uku da Mazda ya shigar sun kai ƙarshe. Shi kuwa Herbert, da ya fito daga motar ƙishirwa ta galabaitar da shi har bai iya hawa dandalin karɓar kofi ba.

Dubi abin da ya raba gardama tsakanin manyan kamfanoni biyu na duniya: bel ɗin famfon ruwa. Irin wanda kake gani ya tsattsage a motarku ka ce sai wani satin.

Ga namu

Mun san yawancin masu karanta wannan fili ba RX-8 ce a ƙofar gidansu ba. Golf ce da ke jigila zuwa Birnin Kebbi, ko Corolla ta babban yaya, ko Boxer, ko injin ban-ruwa a fadama. Darasin bai canza ba. Motar da ta tsaya da bonet a buɗe tana tururi a hanyar Kalgo zuwa Jega da tsakar rana, wataƙila mara lafiya ke ciki, ko albasar da za ta ruɓe, ko ɗalibin da jarrabawa ke jira. Mai ita kuma wataƙila watan jiya ya sa mata sabon rediyo.

Muna kuma da magana da masu wasan mota a wajen biki. Juya mota a wuri ɗaya ana ƙure totur shi ne mafi munin abin da za a yi wa inji, domin yana aiki da dukkan ƙarfinsa alhali babu iskar da ke shiga lagireto. Wannan asarar mai mota ce, shi ya jiyo. Amma yaran da ke tsaye a gefe suna ɗaukar bidiyo ba su da gasket ɗin da za a canza musu. Direbobin da kuke kwaikwayo a rufaffen fili suke yi, da hular kwano, da motar asibiti a gefe.

Son mota ba laifi ba ne, kuma yana iya zama hanyar abinci. Jelani Aliyu, ɗan jihar Sakkwato, a kwalejin kimiyya da fasaha ta Birnin Kebbi ya yi karatun zanen gine-gine, wadda yau ake kira Waziri Umaru, kafin ya tafi Detroit ya shiga General Motors, ya zana Chevrolet Volt, daga baya ya shugabanci hukumar ƙira da bunƙasa motoci ta ƙasa daga 2017 zuwa 2023. Ba kowa zai kai Detroit ba. Amma matashin da ya iya karanta na'urar binciken mota, ya san aikin tamostat, ya iya gyara wayarin fanka yadda kamfani ya tsara, ba zai rasa aiki tsakanin Gwandu da Kalgo ba, domin motocin da ke shigowa yanzu kwamfuta ke tafiyar da su, kuma cire wannan a jefar da wancan ba ya yi musu magani. Muna kira ga makarantun fasaha na jihar da shugabannin kanikawa su buɗe wa samari ƙofar wannan ilimin, su kuma samarin su shiga da niyyar koyo.

Kafin nan, ga aikin gobe da safe, tun inji bai tashi ba. Buɗe bonet. Duba launin ruwan da ke cikin tanki, in ja ne kamar kunun kanwa da tsatsa, ka san inda kuɗinka na gaba za su. Matsa tiyo ka ji ko ya yi tauri. Leƙa ƙasa ka ga ko faifan nan yana nan. Tambayi makanikenka ina tamostat ɗin motar yake. In ya ce ya jefar, ka roƙe shi cikin ladabi ya nemo wani. Salansar ba inda za ta, tana nan a shago tana jiran ka.